Aikin Taswira Ga 'Ya'yanmu Mata



In malama ta tambayi 'yan ajinta abin da kowace ke so ta zama bayan ta gama karatu, galibi amsar ba ta wuce uku: ko likita, ko malamar asibiti, ko malamar makaranta. Duk ayyuka ne na kirki, ba mai musun haka. Amma gurabensu ba su isa kowa ba, ga 'yammata da yawa zaune a gida da takardar shaida cikin akwati, shekara na bin shekara. Saboda haka muka ga ya kamata yau mu kawo muku labarin wata sana'a wadda ba safai akan ji mace ta ambace ta ba, alhali kuwa ƙasarmu na matuƙar bukatar masu ita. Sana'ar ita ce aikin taswira, watau auna ƙasa, da zana kamanninta, da lura da abin da ke samun ruwa da daji da gonaki da garuruwa.

Mun san wata za ta ce, "Af! Ashe aikin safiyo ake nufi? Mutanen nan masu hular kwano da ke yawo cikin rana da wani abu mai ƙafa uku? Wannan ai ba aikin mace ba ne." To, 'yar'uwa, dakata tukuna. Safiyo ɗaya ne daga cikin ma'aikatan, amma gidan yana da ɗakuna da yawa, kuma a yawancinsu cikin inuwa ake zama.

UWARGIDA MA TANA DA TASWIRA

Ki duba kanki. Kin san rijiyar da ruwanta ke da zartsi, kin san wadda ba ta ƙafewa ko da bazara. Kin san kwatar da ke cika ta shiga gidaje cikin watan Agusta, da hanyar da yaro zai bi zuwa makarantar allo bai ƙetare titi ba, da gidan ungozoma, da inda ake samun itace da araha. Duk wannan taswira ce, sai dai cikin kanki take, ba mai iya karanta ta sai ke. Aikin masu taswira shi ne su fitar da irin wannan sani, su aza shi kan takarda ko allon kwamfuta bisa awo na daidai, yadda hakimi da likita da injiniya duk za su duba su gane.

Ga yadda ake yi. A ce kin sami farar leda guda huɗu, irin wadda ake hangen abu ta cikinta. A ta farko ki zana gidajen unguwa, a ta biyu rijiyoyi, a ta uku masai da juji, a ta huɗu kuwa ki ɗiga ja a kan kowane gidan da yaro ya yi amai da gudawa bana. In kika ɗora su bisa juna kika ɗaga su ga haske, sai ki ga abin da ba ki gani a da: watakila jajayen ɗigon duk sun taru kewaye da rijiya guda, ita kuwa rijiyar tana daf da wata masai. Wannan ɗorawa ita ce kwamfuta ke yi, da shafuka ɗari ko fiye maimakon huɗu. Sunan tsarin a taƙaice GIS, shi ne kuma za ki riƙa gani cikin tallar neman ma'aikata.

Misalin nan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 1854 cutar kwalara ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan suka ɗebi ruwa, ya tarar galibinsu famfo ɗaya suke sha. Ya sa aka cire hannun famfon, daga baya ya zana taswirar unguwar da alama a kan kowane gidan da aka yi rasuwa, kowa ya duba ya ga yadda alamomin suka yi wa famfon zobe. Gani ya kori ji.

Kada kuma ki ɗauka abin baƙo ne gare mu. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan matafiyi, Clapperton, taswirar ƙasashen nan da Kogin Kwara sa'ad da ya ziyarce shi a Sakkwato, har aka buga ta a Ingila a 1826.

KAYAN AIKIN ZAMANI

A da sai mutum ya taka ƙasa da ƙafarsa yana jan sarƙar awo kafin ya san faɗinta. Yanzu akwai mataimaka uku.

Na farko taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoto. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, tun daga nan kuwa ba a fasa ɗaukar hoton duniya ba. Kowane ɗaya daga cikin na yanzu yakan dawo kan wuri guda bayan kwana 16, kuma kowane ɗigo a hotonsa fili ne mai tsawon mita 30 da faɗin mita 30. Tun 2008 aka bar hotunan kyauta ga kowa. Ƙasashen Turai kuma suna da nasu, Sentinel-2, tun 2015, shi ɗigonsa mita 10 ne, shi ma kyauta. Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta ƙara biyu a 2011, ɗaya daga ciki ma injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a wurin koyo a Ingila.

Abin mamakin hotunan nan shi ne, suna ganin wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani. Ɗanyen ganye yana mayar da wannan haske da ƙarfi, ruwa kuwa shanye shi yake yi. Saboda haka mai nazari tana zaune a ofis za ta iya bambanta gonar da ta yi kyau da wadda fari ya kama, ta auna faɗin tafki, ta kuma gane inda aka sare daji.

Na biyu GPS, wanda ke cikin wayar hannunki yanzu haka. Taurarinsa suna can wajen kilomita 20,000 bisa kanmu, in wayar ta ji saƙon guda huɗu daga cikinsu sai ta lissafa inda kike tsaye. Ta waya takan yi kuskuren 'yan mitoci, amma na'urar safiyo ba ta wuce kuskuren 'yan santimita.

Na uku ƙananan jirage marasa matuƙi, masu ɗaukar hoton gona ko unguwa daga kusa. Su sai da izinin hukuma ake tashinsu.

ABIN DA TASWIRA TA YI MANA

Mu fara da Tafkin Chadi. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye har bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Masunta da makiyaya sun gani da idonsu, amma hotunan sama ne suka nuna wa duniya girman abin. Su ne kuma suka nuna daga baya cewa tafkin bai mutu ba, ruwan ya ɗan komo tun shekarun 1990, yana ƙaruwa yana raguwa bisa ga damina. Hukumar kula da tafkin, wadda Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, da irin wannan awo take aiki.

Sai labari mai daɗi daga Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma can suka fara barin tohon itatuwa cikin gonakinsu, suna yi musu aski maimakon su tumɓuke su, abin da suke kira sassaben zamani. Shekaru suka wuce, manyan ofisoshi ba su lura ba, kowa na ta cewa hamada ta cinye Nijar. Sai wani masanin taswira daga Amurka, Gray Tappan, tare da masanan Nijar, suka gwada hotunan sama na 1975 da waɗanda aka ɗauka bayan kamar shekara talatin, suka tarar itatuwa sun ninka a ƙauyuka da yawa. Da aka auna duka, sai ga wajen hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Da yawa daga cikinsu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Wa ya fi cin moriyar wannan? Mace mana, mai neman itacen girki, da ganyen kuka, da 'ya'yan gawo don awakinta. Talakawa suka yi aikin, taswira ta ba da shaida.

Na uku ya shafi kowace uwa. Shekara da shekaru ana yawon rigakafin shan inna a Arewa, amma cutar ta ƙi ƙarewa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, masu ɗiga maganin da zanen hannu suke yawo, sai a tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka waɗanda ba a rubuce suke ko'ina ba. Daga 2012 aka shiga zana kowane ƙauye da tunga daga hoton tauraro, aka kuma ba ƙungiyoyin rigakafi wayoyi masu GPS don a san inda suka taka da inda suka bari. Wata ƙungiya mai suna eHealth Africa, wadda ke da babban ofis a Kano, tana cikin waɗanda suka yi aikin. A 2016 aka ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar cutar a Jihar Borno, ranar 25 ga Agusta 2020 kuwa aka ba da shaidar an kawar da ita daga Afirka, ko da yake har yanzu ana rigakafi don sauran nau'inta. Galibin masu shiga gidaje mata ne, amma a bayansu akwai masu taswira.

Na huɗu ambaliya. A 2022 ruwa ya kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ya raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. Ruwa ba ya hawa tudu, kwari yake bi, kwari kuwa ana iya auna shi tun rani. Wadda ta san wannan aiki za ta iya nuna unguwar da ruwa zai fara ci, da makarantar da ke kan tudu inda za a tsugunar da mutane, da hanyar da motar agaji za ta bi. Rigakafi ya fi magani.

IRE-IREN MA'AIKATAN

Akwai mai tattara bayani. Ita ce ke fita da waya ko ƙaramin allo, ta tsaya bakin rijiya ko asibiti ko gona, ta ɗauki wurin, ta cika tambayoyi. Da takardar sakandare da ɗan horo ana shiga wannan, ita ce kuma ƙofar da mutane da yawa suka bi.

Akwai mai zane a kwamfuta, wadda ke karɓar abin da aka tattaro, ta gyara kurakurai, ta fitar da taswira mai tsabta. Wannan aikin zama ne, yana son haƙuri da kaifin ido irin na mai ɗinkin hula.

Akwai mai nazari, wadda ke amsa tambaya: ina ya kamata a haƙa rijiyoyi goman da kuɗinsu ya samu? Daji nawa aka rasa cikin shekara biyar? Ita sai da digiri da sanin lissafi.

Akwai safiyo mai rajista, wadda ke auna fili ta kafa dutsen iyaka, sa hannunta kuma yana da ƙarfi gaban alƙali. Akwai mai rubuta manhaja, wadda ke koya wa kwamfuta ta yi aikin wata guda cikin awa ɗaya, albashin wannan kuwa galibi ya fi na saura. Sa'an nan akwai malama mai koyar da duk waɗannan.

INA AKE ƊAUKAR SU?

A Gwamnatin Tarayya akwai Ofishin Babban Safiyo, da hukumar sararin samaniya NASRDA wadda aka kafa a 1999, da cibiyarta ta nazarin hotunan tauraro a Jos. Akwai Hukumar Ƙidaya, wadda sai ta yanka ƙasa gunduwa-gunduwa a taswira kafin ta ƙidaya mutane, da Hukumar Iyakoki, da hukumar agajin gaggawa NEMA, da masu hasashen damina da na ambaliya. A jihohi, ofisoshin filaye da yawa sun koma aiki da kwamfuta, kamar AGIS a Abuja, da KADGIS a Kaduna, da KANGIS a Kano. Ma'aikatun gona da ruwa da lafiya da tsara birane duk suna bukata.

Akwai manyan ayyukan muhalli. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada daga Senegal zuwa Jibuti, ya ratsa jihohi 11 na Arewacin Nijeriya, ya kuma ratsa Nijar. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan ayyuka, mai ba da kuɗi ba ya yarda da "mun shuka" da baki, sai an nuna masa wurin a taswira, an kuma nuna bayan shekara cewa itatuwan sun rayu.

Ga kuma kamfanonin waya masu neman inda za su kafa ƙarfen sadarwa, da na wutar lantarki da hasken rana, da masu gina hanyoyi, da masu haƙar ma'adinai, da ƙungiyoyin agaji. Wadda ta ƙware kuma tana iya karɓar aiki ta intanet daga wani gari ko wata ƙasa, ta yi shi cikin ɗakinta tana jin motsin 'ya'yanta a tsakar gida.

A Nijar akwai hukumar taswira ta ƙasa, IGNN, da cibiyar AGRHYMET a Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana lura da damina da amfanin gona na ƙasashen Sahel, tana kuma horar da ɗalibai.

HANYAR SHIGA

Ke 'yar makaranta, tun daga aji huɗu na sakandare ake ɗaura niyya. Ki riƙe Lissafi da hannu biyu, gama shi ne ginshiƙi. Ki haɗa da Turanci, da Fizis, da Labarin Ƙasa. Kada ki yarda da zancen nan na cewa lissafi na maza ne. Wadda ke raba kuɗin cefane ya kai ƙarshen wata ba za a ce ba ta iya lissafi ba.

Bayan sakandare hanya biyu ce. Ko ki shiga kwalejin fasaha ki yi difloma ta shekara biyu a fannin safiyo, kamar a Kaduna Polytechnic, ko Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo, wadda asalinta ke komawa 1908. Ko kuwa ki shiga jami'a. Ana koyar da safiyo da ilmin taswirar zamani a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da jami'o'in Minna da Bauchi da Yola, galibi shekara biyar ne. In kin fi son ɓangaren muhalli, ki karanta Labarin Ƙasa a Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko Abdou Moumouni ta Yamai, sa'an nan ki ƙara da kwas na GIS. Don ƙarin ƙwarewa akwai cibiyar AFRIGIST a Ile-Ife, wadda aka kafa a 1972 da sunan RECTAS, ana koyarwa cikinta da Turanci da Faransanci. Wadda ke son zama safiyo mai sa hannu a Nijeriya, bayan karatu sai ta yi aiki ƙarƙashin wani gwani, ta ci jarrabawar majalisar safiyo, SURCON, a yi mata rajista.

Wadda ta riga ta karanta aikin gona ko lafiyar jama'a ko kwamfuta, ba sai ta koma baya ba. Ta ɗora sanin taswira bisa abin da ke hannunta, sau da yawa ma irinta aka fi nema.

MATA UKU

Marie Tharp ta yi aiki a wata cibiyar bincike ta Jami'ar Columbia a Amurka, lokacin da ba a barin mata su hau jirgin ruwan bincike. Maza su tafi teku su auno zurfi, ita ta zauna kan tebur tana jera lambobin. A 1952 ta gano wani dogon kwari tsakiyar duwatsun da ke ƙarƙashin Tekun Atlantika. Abokin aikinta ya ce zancen 'yammata ne. Daga baya ya sallama, binciken nata kuwa ya taimaka aka tabbatar cewa nahiyoyi suna motsi. A 1977 su biyu suka fitar da taswirar ƙasan tekunan duniya duka.

Gladys West baƙar fata ce, 'yar manoma, an haife ta a 1930 a jihar Virginia, zamanin da ake wariyar launin fata. Lissafi ya fitar da ita daga gona. A 1956 aka ɗauke ta aiki a wani sansanin sojan ruwa, ta yi shekara 42 a can, lissafinta na ainihin siffar duniya kuwa yana cikin tushen GPS. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, aikin bai hana ba.

Virginia Norwood ita ta tsara na'urar ɗaukar hoton da ta yi suna a Landsat na farko, har ake ce mata uwar Landsat. Ta rasu a 2023 tana da shekara 96. Hoton Tafkin Chadin nan da ake nuna wa duniya, akwai hannunta ciki.

GASKIYAR DA BA ZA MU ƁOYE BA

Ba mu ce kowace ta gama sai aiki ya zo ya yi mata sallama ba. Guraben gwamnati kaɗan ne, masu nema da yawa. Ayyukan ƙungiyoyi galibi na kwangila ne, wata shida ko shekara, in kuɗin ya ƙare a sallami kowa. Kwamfuta mai ƙarfi tana da tsada, ga kuɗin data, ga rashin wuta. Aikin fili a wasu yankuna akwai hatsari saboda rashin tsaro, kada yarinya ta yarda a tura ta inda ba a yi mata tanadi ba. Masu ɗaukar aiki kuma ba takarda kaɗai suke duba ba, sukan ce, "Nuna mana taswirar da kika yi da hannunki." Wadda ta haddace littafi ba ta taɓa kwamfuta ba, nan take tsayawa.

Ki yi hattara da masu cewa ki kawo kuɗi a ba ki takardar ɗaukar aiki. Ki kuma sani aikin nan amana ne. Wata rana wani mai hali zai ce ki ɗan gusar da layi taku biyar, ga goro. Taku biyar ɗin nan watakila gadon marayu ne. Wadda ba za ta iya cewa a'a ba, gara ta nemi wata sana'a.

DON ME SAI MATA?

Domin akwai ƙofar da namiji ba ya shiga. In ana ƙidayar rijiyoyin cikin gida, ko masai, ko murhu, ko yaran da ba a yi wa allura ba, safiyo namiji iyakarsa zaure. Kuma in maza kaɗai suka zana taswirar gari, za ki ga kasuwa da tasha da ofis, amma da wuya ki ga nisan da yarinya ke yi da tulu kowace safiya, ko lungun da ba fitila wanda mata ke tsoron bi. Abin da ba a zana ba, ba a ware masa kuɗi.

Ga kuma sha'anin fili. Sau nawa muka ji mace ta gaji gona ko ta sayi fuloti da kuɗin adashinta, bayan shekaru a wayi gari maƙwabci ya ci rabi, don ba awo ba takarda? In da akwai mace a ofishin filaye, wadda za a shiga wurinta ba kunya, da hawayen da yawa ba su zuba ba.

Ku iyaye mata, in 'yarku ta ce ga abin da take so, kada ku ce ba ku taɓa ji ba ku rufe maganar. Ku zauna da malam ku karanta masa wannan shafi, ku tambayi malaman makarantarta, gama matambayi ba ya ɓata. Ku rage mata talla da aike lokacin jarrabawa.

Ke kuma 'yammata, ga abin da za ki fara cikin makon nan ba da ko kwabo ba. Ki ɗauki takarda da fensir, ki sa gabas a inda take, ki ƙirga takunki daga ƙofar gida zuwa masallaci, zuwa famfo, zuwa makaranta, ki mai da kowane taku ashirin santimita ɗaya, ki zana unguwarku. In kin sami aron waya, ki buɗe Google Earth ki nemo rufin gidanku, ki gwada da naki zanen. In makarantarku na da kwamfuta, ki roƙi malam ya sauko muku da QGIS, manhaja ce ta ƙwararru amma kyauta take. Akwai kuma OpenStreetMap, taswirar duniya wadda kowa ke iya ƙara wa titi ko rijiya, da ƙungiyar ɗalibai ta YouthMappers mai rassa a jami'o'i da dama. Ƙauyuka da yawa na ƙasar Hausa har yanzu ba a gama zana su can ba, watakila naku na ciki. Duk abin da kika zana ki adana, shi ne za ki nuna ran da aka ce ki nuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Wadda ta gwada zanen unguwarsu, ta aiko mana da labarin yadda ta ƙare da abin da ya ba ta wuya, za mu amsa a wannan fili in Allah ya yarda.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani da sana'a ta halal. Amin. Sai mako mai zuwa.